Karatun Buhun Taki: Me N da P da K Suke Nufi?

Wannan jawabi an gabatar da shi ne ga manoman rani masu zuwa ajin koyon karatu na manya a yankin Kura da Bunkure. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noma a wannan yanki ya daina jiran damina. Ruwa yana biyo babban kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Gonar da a da take ba da amfani sau ɗaya a shekara ta koma bayarwa sau biyu. Shinkafa ta tashi, alkama ta shiga. Alkama ta tashi, masara ko tumatir ya shiga. To amma gonar da ba ta hutawa kamar saniyar tatsa ce. In ana tatsa ba a ba ta abinci, nono zai ƙafe. Shi ya sa babu manomin rani da ba ya sayen takin zamani, kuma sau da yawa kuɗin taki ya fi kowane kuɗi nauyi a aljihunsa.

Abin mamaki shi ne, manomi zai ƙirga kuɗinsa sau biyu kafin ya miƙa, amma ba zai karanta abin da aka rubuta a jikin buhun ba. Ya san kamfa, ya san yuriya, ya san sufa. Ya san su da launi da kamannin ƙwaya. Amma a jikin kowane buhu akwai baƙaƙe da lambobi: NPK 15-15-15, ko NPK 20-10-10, ko 46% N. Wannan rubutu ba ado ba ne. Shi ne yake faɗin abin da ke cikin buhun, da kuma yawansa. Rubutu ne irin na masana sinadarai, kuma wanda ya iya karanta sunansa zai iya koyonsa a zama ɗaya.

Baƙaƙe kaɗan, kalmomi da yawa

Duk wanda ya yi 'yan watanni a aji ya san baƙaƙe da wasulan Hausa ba su kai 40 ba. Amma da su ake rubuta kowace kalma, daga "ruwa" har zuwa "gwamnati". Abubuwan duniya ma haka suke. Dutse, itace, iska, gishiri, jikin mutum, duka an gina su ne daga wasu sinadarai 'yan kaɗan da ake kira sinadarai na asali. An kira su na asali domin ba a iya rarraba su a fitar da wani abu dabam daga cikinsu ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko jiƙawa. Zuwa yanzu masana sun san guda 118. Casa'in da 'yan kai ana samunsu a ƙasa da ruwa da iska. Sauran a ɗakin bincike aka samar da su.

Wasu daga cikinsu Bahaushe ya daɗe da saninsu. Ƙarfen da maƙeri yake dukawa sinadari ne na asali. Haka zinariya da azurfa da darma da jan ƙarfe. Haka kuzar da aka yi ta haƙa a Jos. Haka farar wuta. Gawayi kuwa yawancinsa wani sinadari ne mai suna kabon.

In aka ɗauki guntun ƙarfe aka yi ta niƙa shi, za a kai ga wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya wadda ita ce iyakar ƙanƙantar ƙarfe. Ido ba ya ganinta. Ita ake kira ƙwayar zarra. Kowane sinadari na asali yana da irin tasa ƙwayar zarra, da irin nata nauyi. In ƙwayoyin zarra na sinadarai biyu ko fiye suka kama juna suka zama abu ɗaya sabo, an sami haɗaɗɗen sinadari ke nan. Wato sinadari na asali shi ne baƙi, haɗaɗɗen sinadari shi ne kalma.

Kowane sinadari na asali yana da alamarsa, baƙi ɗaya ko biyu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya kawo wannan tsari a 1813. Kafin shi, masana zane-zane suke yi, da'ira da ɗigo da layi, kowa da irin nasa. Shi kuwa ya ce a ɗauki baƙin farko na sunan abin a harshen Latin. Yau ko a Sin, ko a Masar, ko a Jamus, alamar ɗaya ce. Buhun da aka cika a Maroko manomin Kura zai iya karanta alamarsa.

Ga waɗanda suka fi shafar manomi. N ita ce naitirojin. P ita ce fosfaras. K ita ce fotasiyam. H ita ce haidirojin, O ita ce oksijin, wato iskar da ke rayar da mai numfashi. C ita ce kabon, S ita ce farar wuta. A lura, P ba ta cikin baƙaƙen da ake koyarwa a ajin Hausa, shi ya sa bakin Bahaushe yake mai da ita F. Ita ma C a nan ba ta ba da sautin da take bayarwa a "ciki" ko "cokali". Alama ce kawai, a riƙe ta haka.

Mai lura zai ce, to me ya haɗa K da fotasiyam? Amsar tana da daɗi. K ta fito ne daga sunan Latin, kaliyum, shi kuma ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. A cikin toka aka fara samun wannan sinadari. Matan da suke tace ruwan toka su zuba a tuwo ko miya, da fotasiyam suke aiki tun kaka da kakanni, sunan ne kawai ba su sani ba. Haka alamar ƙarfe Fe ce, ta zinariya Au, ta azurfa Ag, duk daga Latin.

Akwai doka ɗaya da ba a karyawa. Baƙin farko babba ne. In akwai na biyu, ƙarami ne. Co, da babban C da ƙaramin o, wani ƙarfe ne guda ɗaya mai suna kobal. Amma CO, da manyan baƙaƙe biyu, abu biyu ne suka haɗu, kabon da oksijin. Ɗan aji ya san irin wannan. Ƙugiya ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi".

'Yar ƙaramar lambar da ke gindi

Sunan ruwa a wannan rubutu shi ne H₂O. 'Yar lambar da ke gindin H tana cewa ƙwayoyin haidirojin biyu ne. O ba ta da lamba, ke nan ƙwaya ɗaya ce, domin ba a rubuta 1. Ruwan Tiga, ruwan rijiya, ruwan sama, raɓa, duka biyu da ɗaya ne. In an ga bambancin ɗanɗano, daga abin da ya narke a ciki ne.

Wannan 'yar lamba ba abin wasa ba ce. CO₂, wato kabon ɗaya da oksijin biyu, ita ce iskar da mutum yake fitarwa in ya yi numfashi. Ita ce kuma ganyen shinkafa yake shaƙa ya gina ƙwaya da taimakon hasken rana. To a cire oksijin ɗaya, a bar CO. Wannan kuma guba ce. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa daga gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba, da kuma hayaƙin inji. Lokacin hunturu, sa'ad da alkama take gona, mutane sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Wani kuma ya ajiye janareta tana aiki a cikin ɗaki ko soro don tsoron ɓarawo. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri, ya yi barci, wani ba ya farkawa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada a tayar da inji inda ake kwana. Tsakanin abincin shuka da wannan guba ƙwayar zarra ɗaya ce tak.

Wani abin lura kuma, haɗaɗɗen sinadari ba ya gadon halin iyayensa. Gishirin miya NaCl ne. Na ita ce sodiyam, wani ƙarfe mai laushi da yake kamawa da wuta in ya taɓa ruwa. Cl ita ce kulorin, iska mai guba. Amma da suka haɗu sai suka zama abin da ba a cin tuwo sai da shi.

Yuriya

Yanzu a dawo kan buhu. Sunan yuriya a rubutun masana shi ne CO(NH₂)₂. Ya yi kama da abu mai wuya, amma a bi shi sannu a hankali. C ɗaya. O ɗaya. Sai baka biyu, a cikinsu akwai N ɗaya da H biyu. Lambar 2 da ke bayan baka tana cewa duk abin da ke ciki a ninka shi sau biyu, kamar a ce ƙunshi biyu, kowane ƙunshi da goro ɗaya da dabino biyu. Ke nan N biyu, H huɗu. Jimla ƙwayoyin zarra takwas.

Me aka gani a cikin wannan suna? Akwai N. Babu P. Babu K. Ko buhu goma na yuriya aka zuba a gona, ba a ba ta fosfaras ko fotasiyam ko na ƙwayar gero ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa taron yau.

To ina aka samo 46 da ake rubutawa a buhun? Daga wannan sunan ne. Ƙwayoyin zarra ba nauyinsu ɗaya ba. In aka ba haidirojin nauyi 1, to kabon 12 ne, naitirojin 14, oksijin 16. A tara na yuriya: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4. Jimla 60. A cikin 60 ɗin nan, 28 ne rabon naitirojin. In aka mai da shi bisa ɗari, ya zama kashi 46 da ɗan ɗori. Saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Ba kamfani ne ya zaɓi wannan lamba ba. Halittar abin ce haka. Duk wanda ya zo da yuriya ya ce tasa ta musamman ce mai kashi 60, a riƙe kuɗi a aljihu.

Yuriya ba baƙuwa ba ce a gona. Tana cikin fitsarin mutum da na dabbobi, daga can ma ta samo sunanta. Tana daga cikin dalilan da suka sa wurin da shanun Fulani suka kwana yake yin dawa baƙa ƙirin. A 1828 wani masani Bajamushe mai suna Wöhler ya haɗa ta a ɗakin bincike ba tare da dabba ba. Amma samun ta da yawa sai da aka koyi kamo naitirojin daga iska. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kan kowace gona naitirojin ce, sai dai shinkafa da masara ba sa iya cin ta a haka. Wani Bajamushen, Haber, ya gano dabarar haɗa ta da haidirojin a 1909, kuma a 1913 Bosch ya kai dabarar masana'anta. Abin da ake samu shi ne amoniya, NH₃. Ita ake haɗawa da CO₂ a sami yuriya.

Haidirojin ɗin daga iskar gas ake ciro shi. Shi ya sa masana'antun yuriya na Najeriya suke kudu, inda gas yake: ta Onne a Jihar Ribas da ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, da ta Eleme, da ta Dangote a Legas da aka buɗe a 2022. Shi ya sa kuma in gas ya yi tsada a duniya taki yakan bi shi, kamar yadda aka gani a 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren.

Sanin wannan yana da amfani a gona. Abin da aka kamo daga iska yana son komawa iska. In yuriya ta sami damshi a ƙasa, takan warware ta koma amoniya. In tana binne, ƙasa za ta riƙe ta har saiwa ta sha. In kuwa a sarari aka watsa ta, ga rana ga iska, wani kaso zai tashi sama. Warin nan mai hawa kai da ake ji a turken dabbobi, warin amoniya ne, kuma in an ji shi a gona to kuɗi ne yake tashi. Don haka ga masara da tumatir a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindi, a zuba, a rufe. Ga shinkafa a rage ruwan fala kafin a zuba, kada kuma a bar ruwan ya kwarara zuwa magudana da takin a cikinsa. Kada a gauraya yuriya da toka ko farar ƙasa, domin suna hanzarta tashin amoniya. Kuma a raba ta kashi biyu ko uku, kada a juye ta gaba ɗaya rana guda.

Lambobi uku na kamfa

Sunan kamfa daga kalmar Turanci ya fito, mai nufin abin da aka haɗa. Amma a nan sai a yi hattara. NPK ba sunan haɗaɗɗen sinadari ɗaya ba ne kamar H₂O. Jerin sunayen abinci uku ne da aka tara a buhu ɗaya. Lambobin da ke biye kuma ba ƙirgen ƙwayoyin zarra suke ba, nauyi suke faɗi, kashi nawa cikin 100. Kullum a jere suke: ta farko ta N, ta biyu ta P, ta uku ta K.

A buhu mai kilo 50 lissafin mai sauƙi ne, a raba lambar biyu. Buhun 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi na kowanne. Buhun 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin, da kilo 5, da kilo 5. Duka biyun sunansu kamfa a kasuwa, amma ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya saba zuba buhu huɗu na 15-15-15 ya koma zuba buhu huɗu na 20-10-10, ya rage wa gonarsa kashi ɗaya cikin uku na fosfaras da fotasiyam bai sani ba.

Kowanne da aikinsa. Naitirojin shi ne na ganye da tsayi. In ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa su ne suke fara yin rawaya. In ya yi yawa kuma matsala ce: shinkafa ta yi tsawo ta kwanta, tumatir ya yi ta ganye 'ya'ya kaɗan. Mai kai kaya Kwanar Gafan kuwa ba ganye yake sayarwa ba. Fosfaras na saiwa ne da fure da ƙwaya. Masarar da ta rasa shi takan tsugune, ganyenta ya yi ja-ja mai duhu. Ba ya yawo a cikin ƙasa, shi ya sa ake sa shi da wuri, lokacin shuka ko dashe, kusa da inda saiwa za ta bi. Fotasiyam na ƙarfin kara ne da jure cuta da ingancin 'ya'ya. In ya gaza, gefen ganye yakan bushe kamar wuta ta lashe shi.

Gyaɗa da wake da waken soya kuwa suna da wata baiwa. A saiwarsu akwai 'yan ƙulle-ƙulle, a ciki akwai ƙananan halittu masu kamo naitirojin daga iska. Shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa sufa ake ba gyaɗa, ba yuriya ba. Sufa fosfaras ce, tare da kalsiyam da farar wuta.

A wasu buhunan za a ga an rubuta P₂O₅ da K₂O maimakon P da K. Tsohuwar al'ada ce ta masu awon taki, suna auna fosfaras da fotasiyam tare da nauyin oksijin. Ainihin fosfaras bai kai rabin lambar ba, kashi 44 ne cikin 100. Ainihin fotasiyam kashi 83 ne. Wannan kada ya dami kowa, domin shawarar malaman gona ma da wannan mudun ake ba da ita. Mudu ɗaya aka auna da shi, mudu ɗaya aka saya da shi.

Akwai tambayar da ba a rasa mai yin ta. 15 sau uku 45 ne. Ina sauran 55? An cuci manomi ke nan? A'a. Ba a iya zuba waɗannan sinadarai tsirara a buhu. Naitirojin shi kaɗai iska ne. Farin fosfaras yana kamawa da wuta in ya sha iska. Fotasiyam yana kamawa da wuta in ya taɓa ruwa. Dole kowanne ya zo a ɗaure da wasu sinadarai, su ma kuma suna da nauyi. Sai a cika ragowar da abu irin dutsen farar ƙasa domin lissafi ya daidaita. Bayan yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Maroko a 2016, an yi ta haɗa 20-10-10 a cikin gida: yuriya da dutsen farar ƙasa na nan, fosfaras daga Maroko, fotasiyam daga ƙasashen waje. Irin wannan kamfa za a ga ƙwayoyinta launi-launi, domin kowace ƙwaya abu ɗaya take ɗauke da shi. Girgizar mota takan sa ƙanana su gangara ƙasan buhu. A juye a kan tabarma ko leda a cuɗanya sosai kafin a kai gona, don kada wani fala ya sami N zalla, wani ya sami dutse.

A gwada lissafi

Ga misali, kuma misali ne kawai, domin kowace gona da irin bukatarta. A ce malamin gona ya ce hekta ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi, tana son kilo 90 na N, da 30 na P, da 30 na K. Buhu nawa za a saya?

A fara da P da K. In 15-15-15 ce a kasuwa, kowane buhu yana ba da 7 da rabi. Buhu huɗu sun ba da 30. An gama da P da K, kuma an sami 30 na N a ciki. Saura 60. Buhun yuriya yana ba da 23, ke nan buhu biyu da rabi da ɗan ƙari. In kuwa 20-10-10 aka samu, sai an sayi buhu shida kafin P da K su kai 30. Amma buhu shidan sun kawo 60 na N, saura 30, wato yuriya buhu ɗaya da sulusi. Yanzu manomi zai iya tambayar farashin kowanne, ya tara, ya ga wace hanya ta fi sauƙi a ranar. Ba sai mai shago ya zaɓa masa ba.

Wani abin kuma. Shuka ta yi rawaya bayan wata guda, naitirojin take nema. Wani sai ya ƙara mata kamfa don ita ce a gida. Sai ya zuba buhu uku na 15-15-15 kafin ya sami abin da buhu ɗaya na yuriya zai ba shi, domin 7 da rabi sau uku 22 da rabi ne. Ya biya kuɗin P da K da shukar ba ta nema ba a lokacin.

Rubutu yana faɗin abin da ya kamata a samu a buhu. Ba ya hana mugu zuba yashi ya sake ɗinkewa. A 2019 an yi dokar ƙasa ta kula da ingancin taki, wadda ta haramta gurɓata shi da yin ƙarya a kan abin da ke ciki. Duk da haka idon mai saye shi ne mai gadi na farko. A duba ɗinkin bakin buhu. A duba sunan kamfani da nauyi da lambobi. In da hali a ɗora a sikeli. Yuriya tana da gwaji mai sauƙi: a zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa a motsa. Ta gaskiya za ta narke duka, kuma kofin zai yi sanyi a hannu. In yashi ya kwanta a ƙasa, an gane. Kamfa ba a yi mata wannan gwaji, domin ko mai kyau ce takan bar gari a ƙasan kofi. Mai sayen taki a mudu kuwa ya sani ya sayi abin da ba shi da suna. In kuɗi bai kai buhu ba, gara mutum biyu ko uku su haɗa su sayi rufaffe su raba.

Kanwa ba takin fotasiyam ba ce

Saura gargaɗi ɗaya. Masu jin Turanci a ƙasar nan sukan kira kanwa da sunan da ake kiran takin fotasiyam, wato fotash. Wannan ya sa wani zai iya zaton in ya daka kanwa ya watsa a gona ya sami K a araha. Rubutun masana ya raba gardama. Takin fotasiyam da ake sa wa a kamfa KCl ne, sau da yawa ƙwayoyinsa ja-ja ne. Kanwa kuwa yawancinta sodiyam ce da kabon da oksijin da haidirojin. Babanta Na ne, ba K ba. Ita kanta alamar Na daga sunan kanwar Masar aka samo ta, wadda Larabawa suke kira naɗrun.

Sodiyam ba abincin shinkafa ko alkama ba ne. In ya taru a gona yakan kashe ƙasa, ta daskare, ruwa ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Manomin rani ya fi kowa bukatar jin wannan. Kowane ruwan ban-ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. In magudana ta toshe da ciyawa, ruwa ya kwanta, rana ta shanye H₂O, gishirin ba ya tashi, nan yake zama. Shekara da shekaru sai a ga fari-fari a saman ƙasa, shuka tana ƙonewa ko an ba ta taki. Maganin wannan ba ya cikin buhu. Yashe magudana ne, da ba da ruwa daidai bukata, da komawa ga takin gargajiya da yake sassauta ƙasa.

A zama na gaba kowa ya zo da tsohon buhun taki daga gida, ko yagagge ne, muddin rubutun yana fita. Ya zo da fensir da littafinsa. Kowa zai karanta lambobin buhunsa da ƙarfi, ya raba su biyu, ya rubuta kilo nawa na N da P da K ya zuba a gonarsa a noman da ya wuce. Mai buhun da babu lamba a jikinsa shi ma ya kawo shi, a gani.